Rabi da sulusi ba su taɓa zama biyu bisa biyar ba

Wani manomi daga Kumo ya rubuto cewa ya ware rabin gonarsa don masara, sulusi don dawa, kuma ya riga ya sayi irin waken da zai ci rubu'in gona. Ɗansa ya yi masa lissafi a takarda: 1/2 da 1/3, a tara na sama a tara na ƙasa, ya ba da 2/5, wai saura 3/5. Da aka zo huɗa sai wurin wake ya gaza. Yana tambaya ko maƙwabci ne ya ci masa iyaka.

Malam, ka ƙyale maƙwabcinka, lissafin ne ya ci iyakar. Wannan kuskure duk damina sai an kawo mini shi, har na gaji. Kai da kanka duba: biyu bisa biyar bai ma kai rabi ba. Ta yaya za ka ɗauki rabi, ka ƙara masa sulusi, abin ya dawo ƙasa da rabi? Lambar ƙasa ba a tara ta, domin ita girman yanka take faɗa. Yankan rabi da yankan sulusi ba girmansu ɗaya ba, kamar ka ce mudu ɗaya da tiya ɗaya sun zama "biyu". Biyun me?

Abin yi shi ne ka nemo lambar da 2 da 3 da 4 duk suke raba ta ba saura, wato 12. Ka ɗauka gonar kunya 12 ce. Masara ta ci 6, dawa ta ci 4, goma ke nan, saura kunya 2, wato sudusi. Shi kuwa rubu'i kunya 3 yake so. Ka ga inda kunya ɗaya ta ɓace. In gonar kunya 60 ce, masara 30, dawa 20, saura 10, wake na neman 15. Wannan kuwa sai in kunyoyin tsawonsu ɗaya. Gona mai ƙusurwa sai an auna da taku. Ragowar irin kada ka cusa shi a matse, ka tsarma shi tsakanin dawa yadda iyayenmu ke yi. Shi kuma yaro kada a yi masa faɗa, a kai shi bakin gona ya ƙirga kunya.

Hajiya daga Deba tana da kashi uku cikin huɗu na buhun takin yuriya, za ta zuba wa masara sulusin buhu, tana son sanin abin da zai rage wa shinkafa.

Hajiya, 12 ɗin nan ce dai. 3/4 ya zama 9/12, sulusi ya zama 4/12, saura 5/12. Buhu kilo 50 ne, don haka kusan kilo 21 zai rage. Amma ki fayyace wa mai zubawa cewa sulusin cikakken buhu kike nufi, domin in ya raba abin da ya tarar a buhun gida uku, kilo 12 da rabi zai zuba maimakon kusan 17. Kuma a rufe takin da ƙasa mai danshi. Yuriyar da aka watsa a sarari cikin rana, iska aka ciyar.

Wani daga Bajoga ya ce rabin murfin wani magani da sulusin murfin wani yake haɗawa don tsutsar masara, nawa ke nan?

Biyar bisa shida ne, in murafun girmansu ɗaya, amma wa ya ce ka haɗa? Kuɗi kake ƙonawa. Magani ɗaya, awon da aka rubuta a jikin kwalba, da sassafe ko da yamma, a saita feshin cikin tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa, can tsutsar take ɓuya.

Mai noman rani a Dadin Kowa ya tambayi zakkar shinkafar da aka shayar da inji: rabin ushiri ne, buhu 1 cikin 20 in ta kai nisabi, ta ruwan sama kuwa 1 cikin 10. In ban ruwan ya gauraya, tuntuɓi malamin unguwarku.