Wai a kai yara kallon ƙananan jiragen ƙasa a Bronx?

Hajiya kin ce za ku New York a Disamba, kina tambaya ko nunin jiragen nan ya cancanci kuɗinsa. Wallahi ki kai su. A cikin ɗakin gilashin lambun tsirrai na Bronx ake yi, jiragen wasa na ratsa furanni da ƙananan gine-ginen birnin da aka ƙera da ɓawon itace da ganye, ɗana sai da muka janye shi da ƙyar. Amma ki sayi tikiti ta intanet tun da wuri, mu ranar Asabar muka je cunkoso kamar Kasuwar Barci. Sanyin can kuma ya ninka hunturun Kaduna, ku sa rigunan sanyi masu kauri. Mai asma a cikin yaran kuwa, a fara ganin likita.