Amsa ga mai tambaya kan tsawon rai: gado ne, kuma akwai maganin da ke ƙara shi?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kakarka ta wajen uwa a Argungu ta haura shekara 100, mahaifinka kuma ya rasu yana da 62 bayan hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, Allah Ya jiƙansu. Kana tambaya wanne za ka gada, sannan ko maganin da ake tallatawa cewa yana tsawaita "telomiya", wato yankin da ke kare bakin zaren gado a cikin ƙwayoyin jiki, ya cancanci kuɗinka. Ajali dai na Allah ne, abin da za mu tattauna shi ne sababi.

Kafin komai, a tantance shekarun kakar. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, kuma shekara 100 ta Hijira kusan 97 ce ta Miladiyya. Hanyar da ta fi ita ce a auna da abin da ta gani da idonta. Bikin kamun kifin Argungu a sigarsa ta yau ya faro ne a 1934, to ta riske shi tana goye ko tana budurwa? Ba raina tsufanta nake yi ba, sai dai mafi tsawon ran da takardu suka tabbatar a duniya shi ne na Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122, kuma masu kai 100 na haƙiƙa ƙalilan ne a kowace al'umma.

Batun gado an auna shi da tagwaye. A Denmak an bi diddigin tagwayen da aka haifa tsakanin 1870 da 1900, aka kwatanta masu kama ɗaya sak, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, da waɗanda ba su kama. Sakamakon da ya fito a 1996 ya nuna gado na ɗaukar kusan kashi 25 cikin 100 na bambancin tsawon rai tsakanin mutane. Wani nazari na 2018 da ya duba salsalar miliyoyin mutane ya sauko da shi ƙasa da kashi 10, saboda an lura mutane kan auri masu irin rayuwarsu, sai abin gida ya yi kama da abin jini. Amma gadon yana ƙara nauyi a can ƙarshen tsufa: 'yan'uwan wanda ya kai 100 sun fi sauran mutane damar kai wa 90. Ka kuma tuna kusan rubu'in ƙwayoyin gadonka ne kawai ya fito daga kakar nan, rabi cur kuwa daga mahaifinka yake.

Shi tsufan kansa ba abu ɗaya ba ne. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna ƙwayar halittar mutum da aka raina a ɗakin bincike tana rabuwa kamar sau 50 sai ta tsaya. Daga baya aka gano dalili. A bakin kowane zaren gado akwai wani yanki da ke maimaita haruffa shida, TTAGGG, sau dubbai, shi ne telomiya. Aikinsa irin na ƙullin bakin igiyar rama ne, yana hana ta warwarewa. Duk rabuwa ɗaya sai ya ɗan gutsure, domin na'urar kwafar DNA, wato shi zaren gadon, ba ta iya kai wa ƙarshen zaren. In ya gajarce ƙwarai, ƙwayar ta daina rabuwa amma ba ta mutu ba, tana zaune tana fitar da sinadaran kumburi da ke lalata maƙwabtanta. Ban da wannan akwai kurakuran DNA da ke taruwa, da raunin mitokondiriya masu samar wa ƙwaya kuzari, da sauyin alamomin da ke kunna ƙwayar gado ko kashe ta. Da waɗannan alamomin ne Steve Horvath ya ƙirƙiri agogon ƙiyasin shekarun jiki a 2013, ta hanyar duba gurabe 353 a zaren gado.

Yanzu ga maganin talla. Gaskiya ne akwai sinadarin da ke sake tsawaita telomiya, sunansa telomeras, kuma aikin gano shi da yadda telomiya ke kare zaren gado ne ya ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak kyautar Nobel a 2009. Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba shi ne, jiki da gangan yake kashe telomeras a yawancin ƙwayoyinsa, domin birki ne a kan ciwon daji. Kusan kashi 85 zuwa 90 na cututtukan daji sai sun sake kunna shi suke samun yaɗuwa. Babu wani ƙwayar magani ko garin da aka tabbatar yana ƙara wa ɗan Adam shekaru ta wannan hanya. Ko rapamaisin, wanda a 2009 ya ƙara wa ɓeraye tsawon rai da kashi 9 zuwa 14, magani ne mai danne garkuwar jiki da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. A ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, shan sa ba da umarnin likita ba ganganci ne. Ka riƙe kuɗinka.

Ƙwayoyin gado biyu ne aka fi samun alaƙarsu da tsawon rai, FOXO3 da APOE. Nau'in APOE da ake kira e4 yana ƙara haɗarin cutar mantuwa ta tsufa a Turawa, amma da aka kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis ta Amurka, sai aka ga alaƙar ta yi rauni sosai a Ibadan. Wato abinci da muhalli na iya canza tasirin abin da aka gada, kuma sakamakon gwajin da aka gina a kan Turawa ba lallai ya dace da kai ba.

Ƙwayar gadon da ta fi shafar mu ita ce APOL1. Nau'o'insa biyu, G1 da G2, sun yawaita a Afirka ta Yamma domin suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarin ciwon ƙodarsa ya ninka. In hawan jini ya haɗu da wannan, ƙoda na lalacewa shiru ba ciwo. A Zamfara akwai ƙarin haɗari ga ƙoda, wato gubar dalma. Gubar da ta kashe yara sama da 400 a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba ta tsaya kan yara ba: dalma tana zama a ƙashi shekaru da dama, tana tayar da hawan jini tana cin ƙoda. Duk wanda ya daka ko ya niƙa dutsen zinariya, inda gubar ta fito, ya faɗa wa likita haka.

To, labarin mahaifinka ne ya kamata ka bi. Ka auna jini a zaune, bayan hutun minti 5, bayanka a jingine, hannu daidai da ƙirji, ba ka ci goro ko shan shayi ko taba ba cikin minti 30 da suka wuce. A auna sau biyu, a maimaita wata rana. Madaurin da ya yi wa damtse kaɗan yana nuna lamba sama da gaskiya. In ana ta samun 140/90 ko fiye, hawan jini ne, kuma maganinsa na kullum ne. Wani kuskure mai kashe mutane shi ne dainawa da zarar lamba ta sauka, alhali maganin ne ya saukar da ita. Sau ɗaya a shekara ka yi gwajin furotin a fitsari, da kiriyatinin a jini mai nuna lafiyar ƙoda, da suga kafin karin kumallo, wanda 126 mg/dL ko sama a gwaji biyu ke nuna ciwon suga. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Ka kuma guji yawan shan diklofenak da ibuprofen don ciwon jiki, suna cutar da ƙoda.

Sai hanta. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lalata ƙwayar gadon TP53 mai tsare jiki daga daji, kuma in ta tarar da ciwon hanta nau'in B haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sau da yawa. A busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu, a ɗora buhunan a kan katako, a tsince masu baƙi da masu ɗaci a zubar, kada a ba awaki masu nono. Ka yi gwajin nau'in B. In ba ka da shi, rigakafin allura uku ne: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, kuma ka kai iyalinka su ma a gwada su.