Kafin Yaya ta sayar da filin nan

Ɗana, saƙonka ya same ni ƙarfe uku na dare ina dawowa daga ɗaukar biki, kafaɗata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ka ce kana son karatun fim da ɗaukar hoto, ka ji Saudiyya ta buɗe, in bincika maka makaranta da kuɗinta, kuma wai Yaya ta yarda ta sayar da filinta don kai. Kai ne na huɗu da ya kawo mini wannan magana a bana. Sauran na ce musu Allah ya taimaka. Kai jinina ne, ba zan sallame ka haka ba.

An buɗe kam. A 2018 aka dawo da sinima a Riyad bayan shekara talatin da ɗoriya a rufe, a ƙarshen 2021 kuma aka fara bikin fina-finai na Red Sea nan tsohon garin Jidda. Amma makarantar da aka fi sani da karatun fim a nan ita ce Jami'ar Effat, wadda asalinta don mata aka kafa ta. Mai zaman kanta ce, da Turanci ake karatu, kuɗin shekara kuwa dubban riyal ne, ba dubu biyar ko goma ba. Kuma riyal a ɗaure take da dala, 3.75 kullum, saboda haka duk sanda naira ta faɗi kuɗin makarantarka ya tashi, ko da su ba su ƙara kwabo ba. Filin Yaya zai ƙare kafin ka kai rabin hanya. Karatun kyautan da kake ji, mai masauki da alawus da tikiti, irin na Jami'ar Musulunci ta Madina ne, su kuma ba ruwansu da kamara.

Ban ma sa kuɗin kamara da kwamfutar tace bidiyo da haya ba, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da ka saya. Kada kuma ka ce za ka riƙa ɗan aiki kana biya. Igamar ɗalibi, wato takardar izinin zama, ba ta aiki ba ce. Askarawa suka same ka da kamara a wurin biki, kana iya tsintar kanka a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida.

Ni na sha wannan ruwan. Shekarata ta biyu a nan na tara albashin wata huɗu na kai wa wata cibiyar horo, kwas na wata uku. Mu goma sha ɗaya, kamara biyu. Malamin ya kunna mana bidiyon YouTube ya fita shan shayi. Ranar da na je neman aiki da takardar, na sa ta a leda don kada ta yi datti, mai situdiyon ko buɗe ledar bai yi ba. Tambaya biyu ya yi: wane ne kafilinka, wato uban gidan da ya tsaya maka a ƙasar, kuma nuna mini aikinka. Ba ni da abin nunawa. Shekara biyu na yi ina riƙe fitila da naɗe waya, yara sa'anninka suna kirana takari, kafin wani Bamisre ya tausaya ya koya mini gyaran launi bayan an tashi aiki. Yau kamarori biyu nawa ne na kaina, kuma idan angwaye suka zo ni suke cewa a turo. Har yanzu dai sunan situdiyo ke fita a kan aikin, nawa ko a ƙasa babu.

Da ma ƙanwarka ce ta tambaya, da na ɗan saurara. Bikin nan maza daban mata daban, namiji ba ya leƙa ɓangaren amarya, don haka mace mai kamara ba ta rasa aiki.

Kai dai ga Jos nan, Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa tana ba da digiri tare da Jami'ar Jos, da naira za ka biya. Ga Bayero a ƙofar gidanku. Ranar da ba lacca ka bi titin gidan Zoo, ka roƙi masu ɗaukar fim su bar ka ka riƙe musu ko da sandar makirfo ce. Ka koyi Larabci, na kasuwa, ba na Islamiyya kaɗai ba.

Ka gaya wa Yaya na ce ta mayar da takardar filin cikin adaka, zan kira ta Juma'a. Kai kuma ka ɗauko mini bidiyon minti uku da wayarka, ko ita ce tana tankaɗe a tsakar gida, hasken safe, kada ka sa kiɗa. Ka turo in gani tukuna.