Tambayoyinku kan fasaha: 1080i ko 720p, wanne ya dace da gem?

Tambaya: Malam, na ga wayar HDMI (wadda ke kai hoto daga na'urar gem zuwa talabijin) mai bakin zinare a kasuwar Computer Village ta Legas, kuɗinta ya ninka na sauran. Za ta ƙara wa PS4 (PlayStation 4) ɗina kyawun hoto? Daga wani ɗalibi, Mile 12.

Amsa: A'a, ƙanena. Muddin wayar da kake da ita tana kawo hoto ba yankewa, mai zinaren ba za ta ƙara maka ko ɗigo ɗaya ba. Ka sayi albasa da kuɗin, ai kana kusa da kasuwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da gidan gem a Agege, PS3 huɗu da PS4 ɗaya, duk a kan talabijin inci 32 na gwanjo. Wanda ya haɗa mini ya sa saitin hoton komai a 1080i, ya ce ta fi 720p yawa. Amma yara suna ƙorafi wai a wasan ƙwallo ɗan wasa ba ya bin hannu, kuma in an yi gudu gefen 'yan wasa yana tsattsagewa. Ko pad ɗin da ake riƙewa a buga wasan ne suka gaji?

Amsa: Ɗan'uwa, kar ka taɓa pad ɗinka. Yaran nan sun fi mai haɗin naka ido. Wannan magana ta "babbar lamba ita ce mai kyau" ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ka gyara zama.

Kowa lambar yake kallo, alhali labarin yana wajen ɗan harafin da ke bayanta. Harafin p daga kalmar progressive yake, wato duk lokacin da za a zana hoto, cikakkensa ake zanawa daga sama har ƙasa. Shi kuwa i daga interlaced yake, hoto mai tsallaken layi. A turo layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sannan a dawo a turo na 2, na 4, na 6. Ke nan 1080i ɗin da ake maka alfahari da ita, layi 540 kacal take kawowa a kowane zuwa. Ita 720p layi 720 take kawowa a dunƙule, sau 60 a daƙiƙa idan wasan ya kai haka.

Tsallaken layi ba shirme ba ne, dabara ce ta zamaninta. Tun da aka buɗe tashar talabijin ta farko a Ibadan a 1959, irin hoton da ake watsa mana ke nan. Tsarin watsa hoto na PAL da Najeriya ta bi layi 625 ne, rabin hoto 50 a daƙiƙa, daidai da bugun wutar lantarkinmu. Talabijin mai tozo ta gidan kakanninmu haka aka ƙera ta, tana zana rabi ta bi da rabi, ido ya haɗe su da kansa. An samu hoto marar ƙyaftawa ba tare da an ninka abin da tasha ke turawa ba.

To amma talabijin ɗin da ke shagonka shafaffu ne, LCD ko LED, kuma ba su iya nuna rabin hoto ba. Dole su karɓi rabi biyu su ɗinke. A nan gizo ke saƙar. Rabin farko da na biyu ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, kafin na biyu ya iso ƙwallo ta matsa, ƙafar ɗan wasa ta matsa. In aka ɗinke su haka, sai gefen ya fito kamar haƙoran mataji. Tsattsagewar da yaranka ke gani ke nan. Don talabijin ta ɓoye wannan, sai ta tsaya tana lissafi, tana riƙe hoto kafin ta sake shi, ga ta kuma ta gwanjo mai tsohuwar ƙwaƙwalwa. Yaro ya danna fasin, hoto ya makara, an ƙwace masa ƙwallo, ya huce a kan pad ɗinka. Mai karanta labarai da ke zaune wuri ɗaya, 1080i ta yi masa kyau ƙwarai, shi ya sa tashoshin tauraron ɗan'adam da yawa ke amfani da ita. Ko hoton ya makara ba wanda zai sani, tunda mai kallo ba ya danna komai. Gem ba haka yake ba.

Ga wani abin takaicin kuma. Yawancin talabijin inci 32 masu tambarin HD Ready, ainihin gilashinsu ɗigo 1366 sau 768 ne, wato layi 768. Suna karɓar 1080i, amma ba su da layi 1080 da za su nuna, matse shi suke yi. Sannan yawancin wasannin PS3 a 720p aka gina su. Idan mai haɗinka ya cire alamar 720p ya bar 1080i kaɗai, wasu wasannin faɗowa suke yi zuwa 480p ko 576p. Garin neman gira an rasa ido.

Ka shiga Display Settings na kowane PS3, ka tabbatar 720p na da alama, ka cire ta 1080i. A PS4 ka zaɓi 1080p in talabijin ta karɓa, in ta ƙi ka sa 720p. Sannan abin da nake ta nanatawa a wannan fili: ka ɗauki rimot ka kunna Game Mode, wato saitin da ke rage makarar hoto, a kowace talabijin, ka kashe duk wani abu mai Motion a sunansa. Wallahi ina jin ciwon ganin yaro ya biya kuɗin wasa da guminsa, ana cinsa saboda laifin da ba nasa ba.

Tambaya: Salamu alaikum. Ɗana ya taɓa saitin PS3 ɗinsu, yanzu talabijin baƙi ƙirin take nunawa, yana ta kuka. Ya lalace ne? Daga wata uwa, Obalende.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lafiyarsa ƙalau, gwanin naki ya zaɓi abin da talabijin ba ta ɗauka ne. A kashe na'urar, a danne maɓallin kunnawa ba a saki ba har a ji ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa 5. Hoto zai dawo.

Tambaya: Na jona tsohon PS2 a sabuwar talabijin inci 43, hoton ya yi dishi-dishi, alhali a tsohuwar tamu tas yake. Daga Idi-Araba.

Amsa: Na san da wayar nan mai kai rawaya ka jona. Ba ta ɗaukar abin da ya wuce 480i ko 576i, kai kuma ka baje shi a inci 43. Duba bayan talabijin, in akwai ramuka kore, shuɗi da ja, nemi waya mai kai biyar a kasuwar Alaba, ka sauya Component Video Out a saitin PS2 ya dace da sabuwar wayar. Wasu wasannin suna ba da 480p idan ka danne X da alwatika lokacin da suke tashi. In kuma tsohuwar mai tozon tana nan a ɗaki, ka kakkaɓe ta ka mayar da PS2 kanta, don dominta aka yi shi.