Tambayi Likita: Kwalli, Kanwa, Ruwan Rijiya da Ƙarfen Cikin Ƙashi

Assalamu alaikum. A ɗakin duba marasa lafiya nakan tambayi mutum garinsu, ruwan da suke sha da sana'ar da ake yi a cikin gidansu, sai in ga ya yi mini kallon mai son jin ƙwaƙwaf. Shi ciwon ciki ya kawo, me ya haɗa shi da rijiya? Saƙonni huɗu na ware a wannan makon, kuma ko wannensu sai da na bar littafin likitanci na leƙa na masu binciken ƙasa da na masu binciken ƙarafa kafin amsar ta cika.

Likita, jaririyata wata biyu. Uwar mijina ta dage kullum sai an sa mata kwalli, wai yana wanke ido. Ƙawata kuma ta ce akwai guba a ciki. Wa zan bi? (Wata mai jego daga Gusau)

'Yar uwa, Allah ya raya mana. Ƙawarki ta fi kusa da gaskiya. Kwallin dutse, mai nauyin nan da ƙyalli wanda ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa ma'adini ne da ake kira galena, wato haɗin dalma da farar wuta. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka gano tozalin da aka kai masa daga gida ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na garin dalma ce zalla.

Yadda take shiga jiki ba wani boyayyen abu ba ne. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki. Akwai kuma 'yar kafar da ke kwashe hawaye daga ido zuwa hanci, daga nan sai maƙogwaro. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, kuma masana ba su samu wani adadi da za a ce ba shi da illa ba. Abin da ya fi damuna shi ne in kaɗan-kaɗan take shiga ba ta nuna kanta. Ba zazzaɓi, ba ƙuraje. Sai yaro ya shiga makaranta a riƙa cewa ba ya ganewa, ko ba ya zama wuri ɗaya.

Ke da kike Gusau ba sai an ba ki labarin 2010 ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara zargin ba cutar da aka saba ba ce. Ashe dutsen zinaren yankin cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin, ƙurar ta kwanta a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. Abin lura a nan: akwai maganin da ke janye dalma daga jini, amma sai da aka kankare saman ƙasar tsakar gidaje da fartanya aka zuba sabuwa kafin maganin ya yi amfani, don in ka ba yaro magani ka maida shi cikin ƙurar, ka yi aikin baban giwa. A 2015 haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Tun da an taɓo maganar, a duba tukunya ma. Tukwanen da ake narka tarkacen ƙarfe a zuba, wani binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci, musamman in abincin mai tsami ne. Kada a bar miya mai tsamiya ko yakuwa ta kwana a ciki.

Batun Hajiya uwar mijinki kuwa, kada ki yi gardama da ita, ba za ki ci riba ba. Na san za a ce kwalli sunna ne, ni kuma ban zo ba da fatawa ba. Abin da ke cikin tandun nake magana a kai. Ki sa maigida ya yi mata bayani, ko ki gayyace ta ranar rigakafi ta ji daga bakin ma'aikaciya. Idon jariri auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce sun ishe shi.

Likita, matata ta haihu sati uku. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo uku, da dare tari ya hana ta barci. Mahaifiyarta ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata kunun kanwa da ruwan wanka mai zafi. (Wani magidanci daga Funtuwa)

Malam, ka ajiye wayar nan ka kai ta asibiti yau, sauran bayanin ka karanta a can. Abin da ka zayyana ya yi kama da gazawar zuciya ta masu jego: tsokar zuciya ta yi laushi, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Za a yi mata hoton zuciya da ake kira eko, a ba ta maganin da zai fitar da ruwan ta fitsari da wanda zai rage wa zuciyar wahala. A dakatar da kanwa gaba ɗaya.

Ga dalili. Da Turancin kasuwa ana ce wa kanwa fotash, amma in an auna ta a ɗakin gwaji, kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga galibinta sodiyam ce, sinadarin da ke cikin gishiri. Sodiyam kuwa ruwa take riƙewa a jiki. Zuciyar da ta riga ta gaji, a ƙara mata ruwa, a ƙara mata zafin da ke sa ta gudu, kamar jakin da ya durƙusa ne aka ɗora masa wani buhun.

Wannan cuta a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan bincikenta na duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura tana da yawa a Zariya fiye da yadda aka sani a ko'ina, suka danganta hakan da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekaru da dama haka muka karanta, haka muka koyar. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake dubawa, suka ga al'adun kaɗai ba su bayyana komai ba, akwai mata masu cutar da ba su yi su ba. Suka kuma samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin mafi yawan masu ciwon. Wannan ya tuna wa masana cutar Keshan a ƙasar Sin, wani ciwon zuciya da ya bi yankunan da ƙasar nomansu ba ta da seleniyam. A ganina duka biyun na da gaskiya: ba lallai kanwa ce ta haddasa ba, amma ga wadda zuciyarta ta taɓu, tana ƙara tsananta abin. Kada kuma ka ruga kemis neman seleniyam, yawansa guba ne.

Mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa cikin wata shida zuwa shekara. Amma kada a sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya sake yin hoto ya ce ta koma daidai. Wannan ɓangaren naka ne, Malam.

Likita, haƙoran yarana uku duk sun yi ja-ja kamar masu cin goro, mun goge da gawayi da toka bai fita ba. Kusan duk unguwarmu haka ne. (Wata uwa daga Kaltungo)

Hajiya, a daina gogewa, kuna cinye bayan haƙorin ne kawai. Launin a ciki yake, tun haƙorin na ƙeruwa a cikin dasashi ya shiga. Kalmarki ta "duk unguwarmu" ita ta ba da amsar. Sinadarin fuloraid ne, wanda ruwa ke narkowa daga wasu duwatsu in ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato duk an san su da wannan. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, shi ya sa ake sa shi a man goge baki don hana ruɓewar haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya ta ruwan sha.

In ya yi yawa sosai ba ya tsayawa a haƙori. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ninka wancan mizanin fiye da sau uku, kuma ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu kafin a canza ruwan. Ruwa ne garau, ba wari, ba ɗanɗano.

Tafasawa ba ta cire shi, tana ma ƙara masa ƙarfi tun da ruwan ne ke ƙafewa. Tacewa da ƙyalle ma ba ta yi. Abin da ke kama shi sai matata ta musamman, irin mai gawayin ƙashin dabba ko injin tace ruwa na zamani. Ku haɗu a unguwa ku sa a auna ruwan rijiyoyinku ɗaya bayan ɗaya, domin rijiya biyu a gari ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba. Mai ƙarancin fuloraid a ware wa yara 'yan ƙasa da shekara takwas, su ne haƙoransu ke kan ƙeruwa. Wanda ya riga ya rine, likitan haƙori na iya rufe shi in yaro ya girma.

Likita, na yi hatsari da babur aka sa mini ƙarfe a cinya shekara ɗaya ke nan. Abokai na ce mini zai yi tsatsa a ciki, wasu kuma sun ce in guji fita lokacin hadari don yana jawo tsawa. (Wani ɗan acaba daga Katsina)

Ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ka ce ina gaida abokan naka. Ba ƙarfen ƙofa aka sa maka ba. Ko dai baƙin ƙarfe ne da aka haɗa da kuromiyam don kada ya yi tsatsa, ko wani ƙarfe da ake kira titaniyam. Dukansu suna yi wa kansu wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke raba su da ruwan jiki, in ta karce kuma ta sake rufewa da kanta. Titaniyam har ƙashi kan manne masa. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Branemark ne ya gano haka a shekarun 1950, lokacin da ya kasa zare wani ɗan bututu da ya sa a ƙashin zomo. Daga nan dashen haƙori na zamani ya samo asali.

Tsawa ba ta san da ƙarfenka ba. Ka guji fili da gindin bishiya lokacin hadari kamar kowa. In za a yi maka hoton cikin jiki mai amfani da maganaɗisu da ake kira MRI, ka gaya musu tun kafin ka shiga, na'urar binciken fasinja ta filin jirgi kuma tana iya yin ƙara, ka riƙe takardar asibiti. Cirewa ba dole ba ce in bai dame ka ba. Abin da zai maida kai wurin likitan ƙashi da gaggawa shi ne wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ko ciwo ya dawo in ka taka. In haka ta faru kada ka bari mai ɗori ya murza wurin.