Yadda Villarreal ta fito daga ƙaramin gari ta ci kofin Turai

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi kulob ɗin ƙaramin gari kamar Villarreal ya kai ga gogayya da manyan Sifaniya. Mutanen garinsu, Vila-real, kusan 50,000 ne kacal, filin wasansu kuwa yana ɗaukar wajen 23,000, ka ga kusan rabin gari ke nan.

An kafa kulob ɗin a 1923, ya yi shekaru sama da 70 yana fama a ƙananan rukunoni. Abin ya canza ne a 1997, lokacin da Fernando Roig, mai kamfanin tayil na Pamesa, ya karɓi ragama. A 1998 suka fara hawa La Liga, suka faɗo, suka koma a 2000. Abin da ya fi burge ni da Roig shi ne haƙuri. Ya zuba kuɗi a filin atisaye da renon yara, kuma ko da suka sake faɗowa a 2012 bai watsar da su ba, shekara ɗaya suka dawo.

Har yau ina jin zafin fanaretin da ɗan wasansu Riquelme ya ɓarar a 2006 a wasan kusa da na ƙarshe, Lehmann golan Arsenal ya tare, ga wasan ƙarshe na Zakarun Turai a gabansu. Sai a 2021 suka share hawaye, suka ci kofin Europa League a Gdansk ta ƙasar Poland, ƙarƙashin koci Unai Emery. An tashi 1-1 da Manchester United, aka je fanareti har 11-10. Golansu Rulli ya buga tasa ta shiga, ya koma raga ya tare ta De Gea, golan United.