Amsar Baffa Kan Yaran Yayanka Masu Son Waƙa

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi murmushi kafin hankalina ya ɗan tashi. Ka ce yayanka ya kai buhunan gero kasuwar Dawanau ya sayar domin ya biya wa yaransa biyu, saurayin da ƙanwarsa, kuɗin situdiyo a Zoo Road, kana tambaya ko al'ada ta yarda 'ya'yan manomi su zama mawaƙa.

A zamaninmu kiɗa gado ne, kamar ƙira da fawa da jima. Kalangu na mahauta ne, tambari na sarki, mu kuwa gangar noma ce tamu, sai dai ba mu muke kaɗa ta ba, mu ake kaɗa wa. Ina tuna wata gayya a gonar kakanka ina ɗan shekara 15, tun kafin in dawo birni. Samari sun jeru kowa da garmarsa, makaɗi yana biye da su yana kiran kowa da kirarinsa, har wanda ƙugunsa ya riƙe ya manta da gajiya. Da aka kawo fura, makaɗin ya jingine gangar a gindin gawo, ni kuwa na lallaɓa na rataya ta na shiga kaɗawa. 'Yan matan da suka kawo furar suka rangaɗa guɗa, shi kuma ya ajiye ludayi ya zuba mini ido. Kakanka bai ce uffan ba sai da dare, ya kira ni zaure ya ce: "Na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Gidan nan ba a roƙo." Ban sake taɓa ganga ba, amma har gobe idan na ji ta sai yatsuna su motsa.

Shi kansa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa bai so ya yi ta ba. To amma mutanen da sai sun daɗe suna amshi a bayan wani kafin su buɗe baki, ba kamar yaran yanzu ba da kwamfuta ke gyara wa murya a dare ɗaya.

Ka tambayar mini yayanka ko geron da ya sayar ya haɗa da na iri, ko yaran suna nan a makaranta, da kuma wanda yake raka yarinyar idan sun shigo gari. Ranar Juma'a bayan an sauko ka kawo mini su, su zo da waƙar in ji.